Abin da Ya Sa Kyamarori Suka Yi Kama da Juna

Wanda duk ya shiga kantin da a ke sayar da kyamarori, watau akwatunan nan na ɗaukar hoto, abin da zai fara lura da shi shi ne kusan dukansu kamarsu ɗaya. Galibinsu baƙaƙe ne, kowace da ido guda a gaba, da ɗan tozo a bisa, da maɓalli a wajen hannun dama. In da za a kankare sunayen da aka rubuta a goshinsu, da ko mai kantin sai ya sha wuya kafin ya rarrabe su. Amma fa in mutum ya kwance idon wannan ya ce zai ɗaura wa waccan, sai ya tarar ya ƙi shiga, ko da kuwa girmansu ɗaya ne, a ƙasa ɗaya kuma aka ƙera su. Nan ne zai tuna da maganar Hausawa da su ke cewa kama da wane ba ta wane.

To, a nan akwai tambaya biyu. Ta fari, me ya sa kamfanoni masu gasa da juna su ke ƙera abu iri ɗaya? Ta biyu, tun da dai sun yarda kayansu su yi kama, me ya hana su ƙarasa, su daidaita gaɓoɓin yadda na wannan zai shiga na wancan? Ba a samun amsar waɗannan tambayoyi sai an koma baya an bi tarihin sana'ar tun daga tushe.

Kafin a shiga labarin, ya kamata mai karatu ya san gaɓoɓin da za a riƙa ambata. Kyamara dai akwati ne mai duhu ƙirin a ciki. A gabanta akwai ido, watau waɗansu gilasai da aka goge aka jera cikin bututu, su ne ke tattara haske. Bayan ido akwai ɗan ƙyaure, mai buɗewa ya rufe da saurin da ya fi ƙiftawa. Can ƙurya kuma akwai abin da hasken ke sauka a kai ya bar sura. A da fim ne, yanzu kuwa wani ɗan allo ne na lantarki. Wurin da ido ke haɗuwa da jikin kyamara shi ne za a kira baki a cikin wannan bayani, a kansa ne kuma yawancin rigimar ta ke.

Riba tana cikin fim

A shekarar 1839 Gwamnatin Faransa ta karɓi asirin ɗaukar hoto daga hannun wani mutum mai suna Louis Daguerre, ta yanka masa fansho na tsawon ransa, sa'an nan ta bayyana asirin a fili ranar 19 ga Agusta. A zamanin nan kyamara aikin kafinta ce. Akwatin katako ne, a huda allo a gaba a ɗaura ido. In mai ita ya sayi wani idon dabam, sai ya sa a yanka masa wani allo da rami daidai da shi, shi ke nan. Ba wanda ya ke ɗaure da kamfani guda.

Wanda ya sauya wannan hali shi ne George Eastman, mutumin Rochester a ƙasar Amurka. A 1888 ya fito da wata ƙaramar kyamara ya sa mata suna Kodak, kuɗinta dala 25, da fim na hoto 100 a cikinta. In fim ya ƙare sai mai ita ya aika da ita masana'anta tare da dala 10, a wanke masa hotuna, a sa sabon fim, a komo masa da ita. A 1900 kuma ya fito da Brownie, wadda aka yi da kwali, kuɗinta dala 1 tak. Eastman ya gane ba a jikin akwati riba ta ke ba. Sau ɗaya a ke sayen akwati, fim kuwa kullum sai an saya. Kamar mai sayar da kananzir ne ya sayar da fitila da araha, ya san dole a komo wurinsa.

Amma dabarar ba ta ci sai in fim ɗinsa kaɗai ke shiga akwatin. A 1901 Kodak ya fito da wani fim mai lamba 120, naɗe a jikin kwarkwaro, ya kuwa karɓu ƙwarai, har waɗansu kamfanoni a Turai suka shiga yin irinsa, da kyamarorin da ke cinsa. Da aka kai 1932 sai Kodak ya fito da mai lamba 620. Fim ɗin dai shi ne, faɗinsa da tsawonsa ba su sauya ba, kwarkwaron ne kurum aka sirance. Gaskiya ne siririn kwarkwaro ya sa an iya rage girman kyamara kaɗan, amma kuma ya sa na 120 ba ya shiga yawancin sababbin kyamarorin Kodak. Yaya aka ƙare? An daina yin 620 a 1995, sai kyamarorinsa suka zama marayu. Shi kuwa 120, da ya ke na kowa ne, har yau ana yin sa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Wuƙa ɗaya, kube da yawa

Fim ɗin da ya fi kowane tasiri a kan surar kyamara daga sinima ya fito. Wajen 1892 ma'aikatan Thomas Edison a Amurka suka tsayar da faɗinsa milimita 35, da hudoji jere a gefe biyu, a 1909 kuma masu sana'ar sinima suka amince da wannan awo. A garin Wetzlar na ƙasar Jamus akwai wani ma'aikacin kamfanin Leitz, sunansa Oskar Barnack, mai fama da ciwon asma, ɗaukar manyan akwatunan hoto na zamanin yana ba shi wuya. Wajen 1913 sai ya ƙera wata 'yar kyamara mai cin fim ɗin sinima, ya kwantar da fim ɗin a gicciye, ya sa kowane hoto ya zama milimita 24 a tsaye, 36 a kwance. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsai da aikin, sai a 1925 aka kai ta kasuwar baje koli ta Leipzig da sunan Leica.

A 1930 Leitz ya sa wa Leica baki mai murɗi, irin na murfin kwalba, don a iya kwance ido a sa wani. Da farko kowane ido sai an daidaita shi da kyamara guda a masana'anta, har a kan zana lambar kyamarar a jikinsa, gama ba zai yi saiti a wata ba. A 1931 suka ga wannan wahala ce, suka tsayar da nisan da ke tsakanin baki da fim, milimita 28.8 a kowace Leica. Daga ran nan kowane idon Leica ya shiga kowace Leica. Watau kamfanin da kansa ya ga amfanin awo ɗaya, amma a cikin gidansa kaɗai.

A 1932 babban abokin gasarsa, Zeiss Ikon na birnin Dresden, ya fito da Contax. A nan sai a san wani abu da a ke kira haƙƙin ƙirƙira. In mutum ya ƙago wata dabara ya yi mata rajista, doka ta hana kowa kwaikwayonta ba da izninsa ba, har wajen shekara 20. Saboda haka dole Zeiss ya kauce wa hanyar Leitz. Ƙyauren Leica na ƙyalle ne mai tafiya a kwance, sai na Contax ya zama na ƙarfe mai saukowa daga bisa. Bakin Leica mai murɗi ne, sai na Contax ya zama mai ƙugiya, irin yadda a ke sa ƙwan lantarki, a tura a ɗan juya ya kama.

Fim ɗinsu dai ɗaya ne, amma kowa da irin mazubinsa, mai hoto kuma sai ya shiga ɗaki mai duhu ya yanki fim ya ɗura da hannunsa. A 1934 Kodak ya fito da ɗan gwangwanin fim mai lamba 135, tare da kyamarar Retina da a ke ƙerawa a Stuttgart. Wannan karon bai yi rowa ba, aka ƙera gwangwanin yadda zai shiga Leica da Contax duka. Ba a daɗe ba ya game duniya.

Ga babban dalili na farko da ya sa kyamarori suka yi kama. Tun da gwangwani ɗaya ne, dole a yi masa gurbi a gefe guda, a yi kwarkwaron naɗewa a ɗaya gefen, a bar taga mai 24 da 36 a tsakiya, ido kuma ya zauna daidai gaban tagar. Hannun ɗan Adam kuwa iri ɗaya ne ko'ina, maɓalli sai inda manuniya ta ke kaiwa. In aka ba dukawa goma wuƙa guda aka ce kowa ya ɗinka mata kube, ko ba su ga aikin juna ba kubensu sai sun yi kama.

Bayan yaƙi

Dalili na biyu shi ne kwaikwayo. Tun 1934 mutanen Tarayyar Sobiyet suka fara ƙera tagwayen Leica a birnin Kharkov da sunan FED. Da Jamus ta sha kashi a Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, sai ƙasashen da suka ci nasara suka ƙwace haƙƙoƙin ƙirƙira na Jamusawa da ke rajista a ƙasashensu, suka buɗe su ga jama'a. Sojojin Sobiyet kuma suka kwashe injunan Contax zuwa birnin Kiev, aka ci gaba da ƙera ta can da sunan Kiev har cikin shekarun 1980. A Ingila aka yi Reid, a Amurka aka yi Kardon, duk 'ya'yan Leica ne.

Amma waɗanda suka fi cin moriyar abin su ne mutanen Japan. Canon na farko da aka sayar, a 1936, Leica ya kwaikwaya, idonsa kuwa kamfanin Nippon Kogaku ne ya yi, watau wanda daga baya ya zama Nikon. Nikon na farko, na 1948, a waje kamar Contax ya ke, ƙyaurensa kuwa irin na Leica. A lokacin Turawa ba su ɗauki kayan Japan a bakin komi ba. Sai a 1950 wani mai ɗaukar hoto na mujallar Life, David Douglas Duncan, ya gwada idanun Nippon Kogaku a Tokyo, ya ga kaifinsu, ya ɗaura su a kan Leica ɗinsa ya tafi da su fagen yaƙin Koriya. Da hotunan suka isa Amurka sai aka yi ta mamaki, a watan Disamba na shekarar jaridar New York Times ta ba da labari. A lura da abu guda: in da bakin Leica a kulle ya ke, da idon nan bai sami inda zai zauna ba, balle a san kyansa. Baki na kowa shi ne ƙofar da baƙo ke shiga kasuwa.

Tozon da a ke gani bisa kyamara shi ma yana da tarihi. A 1936 aka yi Kine Exakta a Dresden, wadda ke da madubi a bayan ido, yana jefa sura sama, don mai hoto ya ga ainihin abin da idon kyamara ke gani. A 1949 aka yi Contax S a Jamus ta Gabas, aka ɗora mata wani dunƙulen gilashi mai kusurwoyi a bisa, wanda ke miƙe surar ya kawo ta ga idon mutum. Mazaunin gilashin nan shi ne tozo. Asahi Pentax ta 1957 da Nikon F ta 1959 suka bi wannan tsari, sauran kamfanoni suka bi su. Har kyamarorin yanzu da ba su da madubi, da yawansu ba su rabu da tozo ba.

Bakin da ya zama na kowa

Ita Contax S ɗin nan ta zo da wani baki mai murɗi, faɗinsa milimita 42, shi ya sa a ke kiransa M42. Praktica ta Jamus ta Gabas ta ɗauke shi, Pentax ta ɗauka, haka Zenit ta Rasha, da Yashica da Ricoh da Fujica da Mamiya na Japan. Shekara ashirin da wani abu mutum yana iya sayen jiki na Rasha da araha, ya ɗaura masa ido na Japan, in ya sami kuɗi ya ƙara na Jamus. Masu ƙera ido suka yi ta gasa, farashi ya sauka. 

To, me ya kashe shi? A cikin kowane ido akwai wata kafa mai tsukewa da buɗewa, kamar ƙwayar idon kyanwa, ita ke ƙayyade yawan hasken da zai shiga. Da aka fara sa wa kyamarori ma'aunin haske a ciki, sai ya zama tilas jiki ya san iyakar inda kafar nan ta ke, watau sai wani ɗan ƙarfe na ido ya gamu da wani ɗan ƙarfe na jiki daidai wa daida. Murɗi kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya kullum, ga shi kuma da cin lokaci. Kowane kamfani sai ya ƙara tasa dabara a gefen bakin, ba su zauna sun shawarta ba, har awo ɗaya ya tsage gida-gida. A 1975 Pentax ta bar M42 ta koma baki mai ƙugiya, wanda ta kira K, ta kuwa bar Ricoh da Chinon da Cosina suka yi amfani da shi. Amma Nikon da Canon da Minolta tuni kowa ya kafa nasa.

Dalilinsu bai ɓoyu ba, dabarar Eastman ce ta komo da sabuwar riga. Jikin kyamara ya kan tsufa a sauya shi, ido mai kyau kuwa ya kan yi shekara talatin yana aiki, sau da yawa ma ya fi jikin tsada. Mutumin da ya tara ido huɗu ko biyar na kamfani guda, in jikinsa ya lalace ba shi da zaɓi, sai ya koma inda ya saya. Baki ya zama turke.

Ciki ɗaya, suna dabam-dabam

Dalili na uku na kamannin shi ne, sau da yawa gaɓoɓin ciki daga hannu ɗaya su ke fitowa. Tun kafin yaƙi kamfanonin Jamus da yawa ba su yin ƙyaure da kansu, sai su sayi Compur ko Prontor. A shekarun 1960 kamfanin Copal na Japan ya riƙa sayar wa masu gasa da juna ƙyaure iri guda. Wani lokaci ma kyamarar ce ɗungum a ke ba da kwangilarta. Canon T60 ta 1990, da Nikon FM10 ta 1995, da Olympus OM-2000 ta 1997, duka kamfanin Cosina ne ya ƙera su bisa ƙashi ɗaya, kowace aka sa mata bakin mai sunan. A zamanin lantarki kuma kamfanin Sony ya sayar wa abokan gasarsa da dama allon nan mai karɓar haske.

Ko a cikin gida ɗaya ma, kamfani ya kan jera kyamarori masu kama da juna, gama ƙago sabuwa tun daga tushe yana cin kuɗi mai yawa, saye kuwa kowa da nauyin aljihunsa. A 2003 Canon ya fito da EOS 10D don ƙwararru, bayan 'yan watanni ya fito da 300D mai araha. Allon haskensu iri ɗaya ne, sai dai jikin ta biyun na roba ne, an kuma rufe waɗansu ayyuka a cikin kwamfutarta don kada ta kashe wa yayarta kasuwa. Ita 300D ɗin sunanta ke nan a Turai, a Amurka Digital Rebel, a Japan kuma Kiss Digital. An dai sauya wa tuwo suna.

Ranar da aka sauya baki

Kada mai karatu ya zaci duk sauyin baki haɗama ce. A 1985 Minolta ya fito da kyamara mai lamba 7000, wadda ke saita kanta ba sai an juya ido da hannu ba, ya kuwa yi mata sabon baki. A 1987 Canon ya yi abin da ya fi haka. Ya watsar da bakinsa na FD, wanda ya ke kai tun 1971, ya kawo EF, inda babu ƙarfen da ke taɓa ƙarfe, sai lantarki kaɗai ke kai saƙo, kowane ido kuma da ɗan injinsa a ciki. Waɗanda suka tara idanun FD suka yi kuka, da gaskiyarsu, gama dukiyarsu ta faɗi daraja dare ɗaya. Amma sabon bakin ya ba da saurin saiti, har cikin 'yan shekaru masu ɗaukar hoton wasanni da yawa suka koma Canon. Nikon kuwa ya riƙe bakinsa na 1959 yana yi masa ƙari, bai kawo wa manyan kyamarorinsa sabo ba sai 2018. Mutanensa sun tsira da tsofaffin idanunsu, amma ƙarin ya yi yawa har ba kowane ido ke cika aiki a kowane jiki ba. Da a ce doka ta tilasta wa kowa M42 tun 1960, da waɗannan ci gaba sun yi wuyar samuwa. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Haɗa kai ma ba kullum ya ke kai ga nasara ba. A 1996 manyan kamfanoni biyar, Kodak da Fuji da Canon da Nikon da Minolta, suka haɗu suka fito da sabon fim mai suna APS. Ya zo a makare, gama kyamarar lantarki, wadda wani injiniyan Kodak mai suna Steven Sasson ya fara haɗawa tun 1975, ta riga ta kunno kai. A 2011 aka daina yin sa.

Da fim ya kau, sai rigimar ta koma kan katin ajiya, wanda a ke kira memori. Sony ya kawo nasa a 1998, Olympus da Fujifilm suka kawo nasu a 2002. Amma katin SD, wanda Panasonic da SanDisk da Toshiba suka shirya a 1999 suka buɗe wa sauran kamfanoni, shi ya rinjaya, har a 2010 Sony ma ya sa masa gurbi a kyamarorinsa. Labarin 120 da 620 ne ya maimaita kansa.

A kan baki kuwa an sake gwadawa. A 2008 Olympus da Panasonic suka haɗu a kan baki ɗaya mai suna Micro Four Thirds, a 2018 kuma Leica da Panasonic da Sigma suka haɗu a kan bakin L. Amfanin haka ya bayyana a 2021, sa'ad da Olympus ya sayar da sashensa na kyamara, gama idanunsa suna da gida na biyu a jikin Panasonic, ko da magajin bai ɗore ba. Sai dai masu haɗa kan nan galibi ba su ne ke riƙe da mafi yawan kasuwa ba. Mai ƙaramin rabo shi ke neman abokin tafiya. A 2011 Sony, lokacin yana neman gindin zama, ya buɗe wa masu ƙera ido awon sabon bakinsa. Canon kuwa a 2022 ya nemi wani kamfanin ƙasar Sin ya daina yin idanu masu saita kansu na sabon bakinsa, yana cewa an taka haƙƙinsa, sai a 2024 ya ba Sigma da Tamron iznin yin waɗansu. Kamfanin da ya tashi da kwaikwayon Leica ke nan. Wanzami ba ya son jarfa.

Shin a daidaita ko a bari?

Asarar da rashin awo ɗaya ke jawowa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tsohon layin dogo na Zariya zuwa Jos faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 ne, babban layi kuwa ƙafa 3 da inci 6. Saboda haka duk kayan da suka iso Zariya sai an sauke an sake lodi, har aka rufe ƙaramin layin a 1957. Haka abin ya ke ga kyamara, kuma wanda ya fi jin nauyinsa shi ne wanda ke nesa da masana'anta. Mai hoto a Kano ko Maraɗi, wanda yawanci kayan hannu ya ke saye, in idonsa ya fashe ba kowane ido da ke kasuwa zai yi masa ba. Mai gyara kuma sai ya tara kayan gyara iri-iri, in ma an yarda a sayar masa, gama a 2012 reshen Nikon na Amurka ya daina sayar wa masu gyara masu zaman kansu.

Tarihi ya nuna inda awo ɗaya ya ke zama lafiya, watau wurin da aikinsa ba ya sauyawa. Ramin da ke ƙarƙashin kyamara, inda a ke ɗaura ta bisa sanda mai ƙafa uku, faɗinsa rubu'in inci ne a kusan kowace ƙaramar kyamara, ba wanda ya yi hasara da haka. Gwangwanin 135 da katin SD haka su ke. Inda kamfanoni suka ƙi shiryawa kuma hukuma tana iya sa baki, kamar yadda Tarayyar Turai ta yi doka a 2022 cewa daga 28 ga Disamba 2024 wayoyin hannu da kyamarorin da a ke yi wa caji da waya su zo da kafar caji iri ɗaya, mai suna USB-C.

Baki kuwa ba a iya daskarar da shi har abada, gama abin da ido da jiki ke faɗa wa juna yana ƙaruwa. Amma ana iya bayyana awonsa a fili, kowa ya ƙera abin da zai shiga. Ga shaida. Nisan bakin M42 da fim kusan milimita 45 da rabi ne, na kyamarorin Sony marasa madubi kuwa 18. Zoben ƙarfe mai cike tazarar nan ya isa ya sa idon da aka ƙera a 1965 ya ɗauki hoto a kyamarar yau, domin awonsa ba asiri ba ne. Idon da ba ya motsi sai da saƙon lantarki na asiri kuwa, ransa yana hannun kamfaninsa. A kasuwa mudu a ke daidaitawa don ciniki ya yiwu, ba a tilasta wa manomi irin hatsin da zai shuka.

Kasuwar ma ta tsuke. A 2010 kamfanonin da ke cikin ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan sun fitar da kyamarorin lantarki fiye da miliyan 120, a 2020 kuwa ba su kai miliyan 10 ba, gama wayar hannu ta ƙwace aikin ƙananan. Minolta ya bar sana'ar a 2006, Kodak ya nemi kariyar kotu saboda bashi a 2012. Kamfani yana iya faɗuwa, ya bar masu kayansa riƙe da idanun da ba su da jiki. Don haka wanda zai sayi kyamara kada kamanninta ko sunan goshinta su ɗauke masa hankali, tun da ya san a nan duk kusan ɗaya su ke. Ya tambayi bakinta: kamfani nawa ke ƙera masa ido, ana samun na hannu a kasuwar da ke kusa, akwai kuma mai gyaran da ya san shi? Wanda ya sayi jiki ya sayi abin 'yan shekaru ne, amma wanda ya zaɓi baki ya zaɓi gidan da zai daɗe a ciki.